Rubutun 'Yar Tela

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da jikoki. Ya ƙafar? Anti ta ce har yanzu sai an yi daga da kai kafin ka sha magani, wai ɗaci. Yaya, da girmanka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Kunnenka ne ya jawo. Kiran da na yi maka ranar Asabar, rabinsa "iye?" ne, rabi kuma "sake faɗa". Ni ma kuma na gaji da waya, da zan iya da na tsoma ta a bokitin wanki na huta. Direban da ke bi ta wajenku ya ce zai riƙa miƙa maka.

Ka tambaye ni aiki. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina koyar da harshe da rubutu, ban taɓa jin gajiya irin ta bana ba. A zamaninku idan aka kaɗa ƙararrawar tashi, to an tashi. Mu yanzu makarantar ce ke biyo mu gida a cikin jaka. A wayar akwai guruf na iyaye, akwai na malamai, kowane aji da nasa. Ina tsaye a kicin wani uba zai turo saƙo yana son jin dalilin da ya sa 'yarsa ta ci sha biyu cikin ashirin. Idan na yi minti goma ban amsa ba, sai ya ƙaro alamar tambaya uku, ba ko sallama.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke kashe mini jiki shi ne aikin gida. Yanzu ba a littafi suke yi ba, a waya suke bugawa su tura ta manhajar makaranta. Akwai kuma wata manhajar da za ka gaya mata abin da kake so, ta rubuta maka shi tsaf kafin ka ƙifta ido. Makon jiya na duba insha'i ɗari da arba'in a kan "Ranar da ba zan manta ba". Yaya, kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su. Ba kuskure, ba kuma rai. Wata ma ta manta ba ta goge layin farko ba, inda na'urar ta ce, "Ga rubutun da kika nema, ina fata zai yi miki amfani." Na yi dariya har hawaye, daga baya na rasa dalilin dariyar. Ina zaune ina ba na'ura maki, ina rubuta mata "ki ƙara ƙoƙari".

Da ƙorafi ya yi yawa, Firinsifal ya kawo mana magani: wata manhaja ta uku, mai gano rubutun na'ura. Za ka zuba mata rubutu, ta ce kashi kaza cikin ɗari ba na mutum ba ne. Malamin kwamfuta ya rantse ba ta kuskure. Na karɓe ta hannu biyu, don na gaji da zargin kowa ba hujja.

Wata mai zuwa akwai gasar rubutu ta makarantu. Ɗalibi ɗaya kowace makaranta za ta tura, wanda ya ci kuma an ɗauke masa nauyin karatun jami'a. Ni aka ɗora wa zaɓen.

Ka gaida Anti. Ka sha magani.

Ƙanwarka,
Auta

*

Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na karanta ta sau biyu, ba don daɗinta ba, sai don rubutun hannunki ya lalace. Malamar rubutu guda! Ƙafa da sauƙi. Magani ina sha, idan Antinki tana kallo.

Kin ba ni dariya da mai barin layin na'ura. Amma kada ki ɗauka satar amsa da waya ta zo. A shekarata ta uku da fara koyarwa, wani ɗalibi ya kwafi takardar maƙwabcinsa har da sunan maƙwabcin. Na samu takarda biyu da suna ɗaya, na rasa wanda zan ba sifili. Bambancin kawai, namu sai sun wahala kafin su yi satar, wani lokacin ma garin kwafa wani abu ya maƙale musu a ka.

Kuma ba zan zagi wayar gaba ɗaya ba. Jikata ta wajen babban yarona ta nuna mini wani bidiyo na yadda jini ke zagaya jiki. Shekara talatin da biyar ina zana abin nan a allo da alli ja da shuɗi, ina gumi, ban taɓa fitar da shi kamar yadda na gan shi cikin minti huɗu ba. Na ji haushi ƙwarai, na ce ta sake kunna mini.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne mai gano ɓarawon nan. Na'ura ta rubuta, na'ura ta kama, to ke ina aikinki? Mu da, idan ɗalibi ya kawo abin da ba nasa ba, tun layi na biyu muke ganewa, domin mun san shi. Mun san wanda ba ya saka aya, mun san mai son dogayen kalmomi. Na san za ki ce ɗalibanki ɗari da arba'in ne, nawa kuwa arba'in. Gaskiyarki. Ina dai faɗa ne.

Ki riƙa kashe wayar idan kin shiga gida. Uban da ya turo alamar tambaya uku, idan ya ga shiru zai turo ta huɗu, ba abin da zai same shi.

Ki gaida maigidan da yara.

Yayanki

*

Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na yi mako uku ban rubuto ba, gasar nan ce ta sha mini kai. An gama, amma ban ji daɗin yadda aka gama ba.

Ɗalibai goma sha tara suka shiga. Cikinsu akwai wata yarinya a ajin ƙarshe da ake ce wa 'Yar Tela, saboda ubanta yana da shagon ɗinki. Tana zama a kujerar baya, jikin taga. Tana da in'ina mai tsanani, don haka tun bara na daina tada ta a aji, tausayi nake ji idan ta maƙale yara suna ƙunshe dariya. Makinta na tsaka-tsaki ne. In gaya maka gaskiya, ban yi zaton za ta shiga ba.

Rubutunta a kan ubanta ne, yadda idonsa ya fara rauni, har ya zama ita ce ke zura masa zare a allura kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Takan zura allura goma ta soke su a jikin wani ƙyalle, don su ishe shi har ta dawo, shi kuma yana nuna kamar bai san wanda ke yi ba. Na karanta a ɗakin malamai, sai da na cire tabarau na goge. Daga nan kuma sai zuciyata ta ce, anya? Yarinyar da ba ta taɓa haura sha uku cikin ashirin ba?

Na zuba shi a manhajar. Ta ce kashi casa'in da ɗaya na na'ura ne.

Muka kira ta ofis, ni da Firinsifal da malamin kwamfuta. Na ce ta faɗa mana da bakinta abin da sakin layi na biyu ke nufi. Ta buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Ta yi ta fama, gumi yana karyo mata, tana murza bakin rigarta. Firinsifal ya duba agogo ya ce ba mu da lokaci, ta amsa da e ko a'a: ta taɓa amfani da waya wajen rubutun nan? Ta ɗaga kai alamar e. Shi ke nan. Ya ce ta tafi.

Ya umarce ni in saka sunayen waɗanda aka kama a guruf ɗin iyaye, don ya zama darasi. Su uku ne. Ni na buga da hannuna, na sa nata a sama saboda lambarta ta fi yawa, na rubuta, "Rubutun da ta kawo ba nata ba ne." Gasar kuma muka tura na ɗiyar wani likita, mai tsabta, wanda manhajar ta ce kashi shida kawai.

Na san na bi ƙa'ida. Ga lamba, ga shaida biyu, ga ta da kanta ta amsa. Amma tun ranar kujerar jikin tagar ba kowa, kuma na kasa daina kallon wajen. Ka ce mini kunya ce ta hana ta zuwa, za ta dawo.

Auta

*

Zuwa ga Malama mai koyar da rubutu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka da alheri a kan wahalar da kuke sha da yaranmu. Ni ne mahaifin yarinyar da kuke kira 'Yar Tela. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma idona ba ya gani sosai, ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen. Na zo makaranta sau biyu, mai gadi ya ce sai an nemi izini ta manhaja, ni kuma ban iya ba. Shi ya sa na rubuto.

Malama, ban zo faɗa ba. Ga littattafai huɗu na haɗo da takardar nan. Ki duba su, sannan ki yi hukunci da abin da kika gani.

Yarinyar nan kin san bakinta. Tun tana ƙarama idan magana ta ƙi fita sai ta rubuta mini a takardar awo. Shekara biyu da suka wuce ta samu wata mata a waya, a wata ƙasa take, tana koyar da rubutu kyauta ta bidiyo. Ta kuma shiga wani guruf na masu koyon rubutu, su kusan talatin, kowa ya turo nasa a gyara masa. A can ba wanda ya san tana da in'ina. Ranar da ta gaya mini haka, na shiga bayan labule na daɗe ban fito ba.

Ba ta da waya. Tawa take ara idan na fita cin abincin rana. A littafi take rubutawa, ta soke, ta sake, sai ya yi mata sannan ta buga. Da kuka tambaye ta ko ta yi amfani da waya, ba za ta yi muku ƙarya ba, ta yi. Sauran bayanin ne ya ƙi fita.

Maganar allura gaskiya ce. Na sani tun ranar farko. Ba na'urar da ta san wannan, don ko mahaifiyarta ba ta sani ba.

Yanzu 'yan ajinsu sun ɗauki hotonta sun rubuta "Ɓa-ɓa-ɓarauniya" a ƙasa, suna turawa junansu. Har wata mai kawo mini ɗinki ta nuna mini, ba ta san 'yata ce ba. Yau kwana tara ba ta je makaranta ba, ba ta kuma taɓa biro ba. Maɓalli kawai take ɗinka mini.

Gasa ta wuce, Allah bai nufa ba. Sunanta nake roƙo a wanke.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Tela

*

Lahadi

Yaya,

Gaisuwa. Ga takardar mahaifin yarinyar nan na saka maka a ciki, ka karanta ta kafin tawa, sannan ka dawo mini da ita.

Na duba littattafan. Rubutun gasar yana ciki sau biyar. A na farko allura biyar ce, kuma ta fara da dogon bayani a kan muhimmancin iyaye, irin wanda ni na koya musu. A na uku ta soke bayanin duka, ta rubuta a gefe, "Sun ce in fara da allurar." A na biyar babu kalmar da ta bambanta da abin da ta turo. Ga kwanan wata a kowane shafi, ga tabon man keken ɗinki a kusurwa.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauko takardarka ta kwanan baya, na buga ta kalma-kalma, na zuba a manhajar. Yaya, ina taya ka murna, kashi saba'in da huɗu na jikinka na'ura ne. Na gwada da wani insha'i da na tabbata na sata ne, ta ce kashi tara.

Washegari na kai wa Firinsifal littattafan. Ya buɗe ɗaya, ya rufe. Ya ce shafin gasar ya rufe tun Juma'a, ba mai iya buɗe shi. Na ce to a wanke ta a guruf. Ya ce in zauna. Wai a zangon nan kaɗai ɗalibai sittin da biyu aka rage wa maki da shaidar manhajar nan. Idan muka ce ta yi kuskure sau ɗaya, iyaye sittin da biyu za su cika masa ofis, kuma shi ya tsaya gaban masu makarantar ya ce a kawo ta. Ya ce a kira uban a ba shi haƙuri a ɓoye, a ƙara wa yarinyar maki a jarrabawa. Ba mugu ba ne, Yaya. Shi ma idonsa duk ya faɗa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Da na gama karanta littattafan, kafin nadama ta zo, kishi ne ya fara zuwa. Shekara biyu tana zaune taku goma daga teburina, tana rubuta irin wannan, ba ta taɓa nuna mini ko shafi ɗaya ba. Wata mata da ba ta taɓa ganin fuskarta ba ita ta koya mata, da wasu yara talatin. Ni abin da na ba ta shi ne sha uku cikin ashirin, da barin ta ta yi shiru, ina ce wa kaina tausayi ne. Aikin gidan da take kawo mini kuwa, irin wanda na nema take kawowa: gabatarwa, gundari, kammalawa.

Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata. Na gaji. Ban ga abin da nake yi a ajin nan da waya ba ta fi ni iyawa ba.

Auta

*

Talata

Auta,

Sallama. Ga takardar bawan Allah nan na mayar miki. Antinki ta karanta ta ita ma, ta tashi ta bar ɗakin. Maganar kashi saba'in da huɗu kuwa, ta ce ita ta daɗe da sani.

Yau ba wasa zan yi miki ba. Zan gaya miki abin da ban taɓa faɗa a gidanmu ba.

Lokacin ina mataimakin shugaban makaranta, takardar tambayoyin jarrabawa ta ɓace daga ofishina. Wani ɗalibi da ba ya ƙoƙari ya ci tamanin a wannan jarrabawar. Na tsayar da shi gaban taron safe, na kira shi ɓarawo, aka kore shi. Bayan wata biyu muna matsar da kabad, sai ga takardar a bayansa, ko buɗe ambulan ba a yi ba. Ni kaɗai na gani. Na saka ta a aljihu, na ce gobe zan yi magana. Ba na'ura a lokacin, Auta. Ni kaɗai na isa.

Mutumin yana nan da ransa, yana sayar da kayan gyaran mota a hanyar asibiti. Duk ranar da zan je ganin likita sai ya taso ya gaishe ni, ya riƙe mini ƙofar mota, yana cewa Malam. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi. Yanzu shekara talatin da ɗaya, kuma kullum maganar ƙara nauyi take.

Takardar ajiye aiki taki ce, ba zan hana ki ba, na san gajiyar da kike faɗa. Amma idan kika miƙa ta yanzu, ba hutu kika nema ba, gudu kika yi. Ki fara zuwa shagon da ƙafarki. Sannan inda kika rubuta waccan maganar, nan za ki rubuta wannan, da sunanki. Firinsifal zai ji haushi. Ya ji.

Kishin kuma ki bar shi, ba laifi ba ne. Malamin da bai ji shi ba ya riga ya bar aikin, ko da yana zuwa kullum.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Yayanki

*

Asabar

Yayana,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka, na daɗe riƙe da ita. Ba zan ce komai a kai ba sai na zo.

Na je ranar Laraba bayan an tashi. Shagon ɗan ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka, da labule a baya. Na samu telan ya kusa manna fuskarsa da ƙyalle yana bin layin alli da almakashi. Da na faɗi ko ni wace ce, ya tashi da sauri ya kwashe yadi daga kan benci ya ce in zauna. Ya leƙa labulen ya yi magana a hankali. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta fito, da riga a hannu da allura.

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce mata, "Rubutun naki ne. Na karanta duka biyar ɗin. Na yi miki ƙazafi a gaban mutane, kuma ban ba ki lokacin da za ki yi magana ba. Ki yafe mini."

Uban ya yi ta cewa ba komai, Malama, ya wuce. Ita ba ta ɗago ba. Na ce a raina yau ko awa za ta yi zan jira. Muka zauna, har wani ya shigo karɓar wando ya fita. Can ta miƙa hannu, uban ya ba ta wayar, ta buga wani abu ta juyo mini da ita. Kalma biyu ce: "Na ji." Ta koma bayan labule.

A bakin shagon na tsaya na rubuta a guruf ɗin iyaye. Na ce ni na yi kuskure, manhajar ta yi kuskure, rubutun yarinyar nata ne, kuma shi ya fi duk wanda aka kawo. Na tura.

Ka san abin da ya biyo baya? Mutum huɗu suka turo hoton babban yatsa. Wata ta ce Allah ya kyauta. Bayan minti biyar wani ya tambaya ko an canza ranar biyan kuɗin mota, wata kuma ta saka tallar zannuwan gado. Kafin magariba maganata ta nutse can sama. Washegari dai iyaye goma sha ɗaya suka zo a sake duba na 'ya'yansu, har da uwar mai barin layin na'ura, ita ta fi kowa ɗaga murya.

Firinsifal ya cire ni daga guruf ɗin, ya ba ni takardar tuhuma. Zango mai zuwa an mayar da ni aji ɗaya. Manhajar tana nan, sai dai malamin kwamfuta ya zo ya same ni a ɓoye, ya ce shi ma ya gwada ta da wasiƙar da ya rubuta ta neman aiki, ta ce ba shi ya rubuta ba. Ya ce zai yi magana idan ya ga dama ta samu.

Na shiga ajin su 'Yar Tela na faɗi abin da na faɗa a shago. Na ce duk mai hoton nan ya goge. Suka sunkuyar da kai suna danne-danne, amma ɗiyar maƙwabciyata, da ke wata makarantar daban, ta ce ya iso wayarta tun tuni. Wannan ba ni da yadda zan yi da shi.

Takardar ajiye aikin ban miƙa ba, ban kuma yaga ba. Kujerar jikin taga har yau ba kowa.

Ka gaida Anti.

Auta

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aiki.

Baba ya nuna mini abin da kika rubuta a guruf. Ya ce an hukunta ki a kai. Ban so haka ba.

Ba zan dawo aji ba. Na gwada saka kayan makaranta ranar Litinin, na kai bakin titi na juyo. Zan yi karatu a shago, in zo in zauna jarrabawar ƙarshe kawai.

Baba ya ce in rubuta cewa na yafe. Ina so, amma ban kai nan ba tukuna. Idan na kai zan gaya miki da kaina.

Ga shafi uku na sabon abin da na fara. 'Yan guruf ɗinmu duk sun ce ya yi kyau. Na san shafi na biyu bai yi ba, amma na kasa gano inda ya karkace, su kuma tun da abin nan ya faru lallaɓa ni suke yi. Ki duba da jan biro. Kada ki ji tausayina.

Idan kin gama ki ba Baba. Ba sai kin shigo ciki ba.

Na gode.

'Yar Tela